'Yan tsakina za su cika mako uku: in fitar da su akurkin bayan gida ko in dakata?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Shawara nake nema. Ina da 'yan tsaki hamsin, Noiler, irin kajin kamfanin nan da ake kiwo don nama da ƙwai, jibi za su cika mako uku. Tun ranar da aka kawo su suna cikin sito kusa da kicin, na kewaye su da kwali, da daddare ina sa musu tukunyar gawayi saboda wuta ba ta tsayawa. Yanzu wurin ya yi musu kaɗan, sun fara tsallake kwalin, ga wari har falo, maigida ya soma magana. Kafinta ya gama mini akurki a bayan gida, katako da ragar waya, rufin kwano. To amma hunturu ya kankama a nan Kano, da asuba sanyi har cikin ƙashi. In fitar da su yanzu ko in ƙara haƙuri? Akwai kuma kajin gida shida da agwagi biyu da ke yawo a tsakar gidan.

Baba Manomi: Wa'alaikumus salam 'yata. Fitar da abinki. Mu da muka tashi a ƙauye, kaza ta ƙyanƙyashe yau, jibi kin gan ta tana jan 'ya'yanta bakin rumbu suna tono. Babu gawayi, babu fitila. Ɗan tsakon da bai sha rana ba, bai taka ƙasa ba, ba ya yin ƙwari. Yawan lallaɓawa ne yake sa kajin zamani su zama ragwaye.

Hajiya Mai Ƙwai: Baba, a gafarce ni, amma akwai abin da aka tsallake. Waɗancan da uwarsu suke fita. In ka zauna ka lura, ba sa daɗewa suna tono za ka ga uwar ta durƙusa ta buɗe fukafukai, duk sun shige ƙarƙashinta. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, ita ce tukunyar gawayinsu, kuma duk inda suka je tana tare da su. Na Maman Ilham marayu ne. Sannan mu faɗi gaskiya, kazar da ta ƙyanƙyashe goma sha biyu a hunturu, nawa take kaiwa girma? Wani lokaci huɗu, wani lokaci uku. Ba ma jin zafin asarar ne saboda ba kuɗi muka sa muka saye su ba. Ita kuwa ta sayi kowane ɗaya, ta sayi buhun abinci.

Maman Ilham, ki dakata. Ni ba na fitar da nawa kwana a waje sai gashi ya rufe su, mako biyar zuwa shida, in hunturu ne ma shidan nake cikawa.

Abu Sadik Zariya: Hajiya, na yarda da ke kan uwa, amma ban yarda a bar su a siton nan ba. Ku sake karanta abin da ta rubuta: wari har falo. In mutum yana tsaye a falo yana jin wari, ɗan tsakon da hancinsa ke dab da shimfiɗa me yake shaƙa? Wannan iskar da ke tashi daga kashin kaji tana cin ido, tana ƙona hanyar numfashi, daga nan sai mura da minshari su biyo baya. Ga cunkoso. Ga hayaƙin gawayi a ɗaki rufe, kusa da kicin inda yara ke shiga da fita. Ni shawarata a kwashe su da tukunyarsu gaba ɗaya a kai akurkin, a rufe gefuna da buhu, a ci gaba da ba su ɗumi a can. Ba a ce dole ɗakin ɗumi ya zama cikin gida ba.

Maman Ilham: Malam Abu Sadik, gaskiya ne, in na sunkuya zan canza musu ruwa idona har yaji yake yi. Amma tsorona akurkin raga ne ta gefe uku.

Hajiya Mai Ƙwai: To ka ji. Raga ta gefe uku da rufin kwano, a watan Disamba. Buhu nawa za a rataya ya riƙe ɗumi da ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da gawayin ya zama toka, mai gidan kuma tana barci? A sito ko gawayi ya mutu bango yana riƙe da sauran zafi. A waje babu wannan rangwamen. Maganin wari ai ba ƙaura ba ne, a kwashe shimfiɗar a zuba sabuwa, a faɗaɗa musu kwalin, a buɗe taga ta sama.

Ɗan Jos: Ku da ke Kano kuna da sauƙi. Mu nan akwai daren da ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 10. Bari in kawo lissafin da muke bi, kowa ya auna da garinsu. Makon farko ɗan tsako yana son digiri 32 zuwa 35 a daidai bayansa, ba a saman ɗaki ba. Kowane mako a rage kamar digiri uku. Ke nan a mako uku yana neman wajen 27, a mako biyar zuwa shida ya sauko kusan 21, lokacin gashinsa ya isa ya riƙe masa zafin jikinsa. Da rana a Kano yanzu za a samu 28 ko 30, babu matsala. Dare ne abin ji, don yana iya saukowa 13 ko ƙasa. Tazarar ta yi yawa ga ɗan mako uku in babu wuta mai tsayawa har safe.

Ummu Hani: Mu da ba mu da ma'aunin zafi fa?

Ɗan Jos: Su kansu 'yan tsakin ma'auni ne, Anti. Ki leƙa su da tsakar dare ba tare da kin firgita su ba. In sun dunƙule jikin tukunya suna hawa kan juna suna kuka mai kaifi, sanyi suke ji. In sun gudu can bakin kwali, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe ɗaya, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In kuwa sun bazu ko'ina, wasu na barci wasu na tsattsagar abinci, to ki koma ki kwanta.

Batun gashi kuma, kada ki duba fukafuki, shi yake fara fitowa ya ruɗi mutum. Ki ɗauki ɗaya ki duba wuya, kai, gadon baya da ƙarƙashin fukafuki. Muddin kina ganin wannan laushin gashin haihuwa ko fata tsirara, bai isa kwanan waje babu ɗumi ba, ko da kalanda ta ce me.

Baba Manomi: Duk na ji. Amma har yanzu ina kan bakata game da rana. Ko mu a ƙauye ba sakaka muke yi ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, mai kazar ma haka. Mukan kife su da babban kwando da hantsi a wuri mai rana, a zuba musu tsaki, a haƙo musu gara a farfasa, a sa ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki don kada su faɗa. La'asar na yi a mai da su. Ɗan tsakon da ya ci gara ya sha hantsi, ko tafiyarsa daban ce.

Hajiya Mai Ƙwai: Wannan kam Baba babu musu. Fitar rana daban, kwanan waje daban. Da haka aka fara da ba mu ja ba.

Likitan Kaji: Salamu alaikum. Na biyo maganar tun daga sama, kowa yana kan sanyi da ɗumi, ni kuwa layin ƙarshe na tambayar ne ya tsaya mini: kajin gida shida da agwagi biyu. Maman Ilham, wane rigakafi aka yi wa 'yan tsakin zuwa yanzu? Su kuma manyan an taɓa yi musu? Akwai wadda aka sayo daga kasuwa kwanan nan?

Maman Ilham: Likita, na ba su rigakafin cutar Gumboro sau ɗaya. Wanda ya sayar mini ya ce sauran duk an yi musu tun daga kamfani. Manyan ba a taɓa yi musu komai ba. Zakara ɗaya kuma makon jiya aka kawo mana shi daga ƙauye.

Likitan Kaji: To Hajiya, ko da yau zafin Afrilu ake yi, ba zan ce ki sauke su a tsakar gidan nan ba. Abin da aka saba yi a wurin ƙyanƙyasa shi ne allurar cutar Marek, wasu su haɗa da na farko na fakat, wato cutar Newcastle. Wannan ba ya ɗauke miki Lasota, wato rigakafin fakat, ba ya ɗauke Gumboro na biyu. Garkuwar da ɗan tsako ya gado daga uwa ta cikin ƙwai tana raguwa ne daidai wannan shekarun, mako biyu zuwa uku, don haka yanzu ne suka fi zama a buɗe.

Kuma hunturu shi ne lokacin fakat. Duk wanda ya yi kiwo a ƙauye ya san yadda take yi: kaza ta yi zugum kamar ta yafa bargo, koren zawo, minshari, wasu wuyansu ya murɗe, cikin mako guda unguwa ta yi shiru babu carar zakara. Ƙwayar cutar tana bin kashi, majina, takalmi, kwanon ruwa, har ƙurar da iska ke ɗauka. Agwagwa tana iya ɗauke da ita tana yawonta lafiya lau. Zakaran da aka kawo makon jiya ma bai fita zargi ba, don cutar kan ɗauki kwana biyu har zuwa sha biyar kafin ta nuna. Duk sabon tsuntsu a ware shi mako biyu kafin ya haɗu da na gida.

Ga abin da zan ce ki yi. Ki ba su Lasota cikin kwana biyun nan, muddin suna da lafiya. Bayan kamar mako guda ki ba su Gumboro na biyu. Rigakafi ba ya kama jiki ran da aka yi shi, yana son kwana goma zuwa sha huɗu. Kin ga lissafin ya kai ki mako biyar zuwa shida, daidai inda Hajiya Mai Ƙwai ta tsaya. Kada kuma ki haɗa rigakafi da ƙaura rana ɗaya, wahalar ta yi musu yawa.

Abu Sadik Zariya: Likita, na karɓi wannan. Amma mako biyu zuwa uku nan gaba a sito mai yajin ido fa? Shi ma ai hanyar cuta ce, kuma rigakafin ba zai kama da kyau ba a jikin da numfashi ya riga ya wahala.

Likitan Kaji: Gaskiyarka, shi ya sa ban ce a bar siton yadda yake ba. Yau ɗin nan a kwashe shimfiɗar. A zuba sabon ɓuntun shinkafa ko askin katako busasshe, kauri kamar faɗin yatsu huɗu. Ban da garin katako mai laushi, suna cinye shi, yana kuma shiga hanci. A ɗora mazubin ruwa kan bulo don kada su jiƙa ƙasa. A cire kwalin a ba su faɗin ɗakin. Sannan a ɗauki shawarar Baba, amma maimakon kwando a tsakar gida inda agwagi suka bi, a kai su cikin akurkin kansa da hantsi, a dawo da su kafin la'asar ta yi sanyi. Sabon wuri ne, babu kashin kowa a ciki. Siton ya sha iska kafin su dawo, su kuma su saba da gidansu tun kafin ranar kwana. Sharaɗi ɗaya: manyan kajin kada su zo jikin ragar. A ɗaure su ko a yi musu shinge, a kuma ware silifas ɗaya na shiga akurki kaɗai.

Isufu Maraɗi: Sannunku da hira. Ni abin da za ni ƙara, a duba inda akurkin ya ba baya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, mu nan mun fi ku shanta. Wannan gefen a rufe shi ruf, da zana ko tamfol, tun daga ƙasa. Gefen kudu da yamma a yi labule na buhu wanda ake naɗewa da rana a sake da dare. Amma a bar tazara kamar tafin hannu a can sama ƙarƙashin rufi, ko sanyi ya kai ina. Na san wani maƙwabci da ya naɗe kejinsa da leda ko'ina bai bar kafa ba, ya sa gawayi ciki, da safe ya tarar da rabi sun mutu, kuma ba sanyi ya kashe su ba.

Ɗan Jos: Wannan magana ta Malam Isufu a riƙe ta da kyau. Gawayi sai an hura shi a waje ya kama ja, hayaƙin ya ƙare, sannan a shigar. Ko bayan nan yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe kaji, tana kashe mutum ma. A ɗora tukunyar kan bulo, a kewaye ta da raga don kada wani ya faɗa ko shimfiɗa ta kama. Mu nan mukan lulluɓe garwashin da ɗan toka, yana sa ya daɗe, amma duk da haka sai an tashi cikin dare an ƙara.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, gefen da kafinta ya rufe da katako yamma yake kallo, ragar kuma tana gabas da arewa da kudu. Zan sa a juya shi tunda ba a kafe yake ba. Rufin kwanon fa, in bar shi haka?

Hajiya Mai Ƙwai: Kada ki bar shi tsirara. Kwano da dare sanyi yake saukarwa, har raɓa takan taru a cikinsa ta ɗiga kan shimfiɗa. In Maris ya zo kuma ya gasa miki su. Ki sa a shimfiɗa zana ko ciyawa a kansa a danne, ko a buga silin ta ciki. Aiki ɗaya, ya yi miki hunturu ya yi miki bazara.

Sannan faɗa mini girman akurkin da irin ragar. Ido nawa?

Maman Ilham: Tsawo mita uku, faɗi biyu. Ragar irin mai faɗin idon nan ce, yatsu biyu suna shiga. Ƙasan kuma turɓaya ce, ba a yi daɓe ba.

Hajiya Mai Ƙwai: Girman zai ɗauke su yanzu, amma ki sani nan da wata biyu ya yi musu kaɗan. Manya ba a so su wuce biyar ko shida a kowace murabba'in mita, Noiler kuma jiki gare su. Ko ki rage zakarun ki sayar, ko ki yi musu fili na rana a gaba.

Ragar ce ba ta yi mini ba. 'Yan tsaki suna son kwanciya jikin raga. Muzuru zai zo ya zura hannu ya ja, da safe ki tarar da gangar jiki a ciki babu kai. Ɓera yana shiga ta wannan idon, ƙaramin maciji ma haka. Ki sayi mai ƙananan ido, rabin inci, ki zagaye ƙasan da ita ko da zuwa gwiwa ne, ta saman ki bar wadda ke akwai. Turɓayar kuma gafiya ce matsalarta. Dare ɗaya take haƙo rami daga bayan katanga ta ɓullo a tsakiya. In da hali a yi daɓen siminti. In babu, a binne raga a ƙasa ta fito waje kamar kamu ɗaya ko'ina, a danne da bulo.

Baba Manomi: Ku ƙara da tunku da kwarkwasa. Tunku ba ɗaya yake ɗauka ya tafi ba, in ya shiga sai ya yi ɓarna. Kwarkwasa kuwa da damina take zuwa cikin dare, ta lulluɓe ɗan tsako da ransa. Mukan zagaye akurki da toka. Masu keji mai ƙafa kuma su sa kowace ƙafa cikin gwangwani da baƙin mai. In za a yi musu filin rana, a rufe samansa, ko da tsohuwar komar kifi ce ko gidan sauro. Shirwa da hantsi take shawagi, hankaka kuma ya zauna kan katanga yana jira ki shiga ɗaki.

Ummu Hani: Na ga wasu suna shafa wa 'yan tsaki launi, shuɗi ko ja, wai shirwa ba ta gane su. Da gaske ne?

Baba Manomi: Ana yi, kuma masu yi suna cewa yana rage ɗauka. Amma launi ba ya hana mage, gashin kuma yana zubewa wani ya fito. Rufin sama ya fi.

Abu Sadik Zariya: Tunda an tsaya kan mako biyar zuwa shida, bari in faɗi abin da ke kashe su a daren farko, don ba kullum sanyi ba ne. Tsoro ne. Duhu ya yi, wuri baƙo, sai su ruga kusurwa ɗaya su hau kan juna, na ƙasa su shaƙe. Ki lanƙwasa kwali ko falanki a kowace kusurwa ta zama zagaye. Ki bar musu 'yar fitila mai caji, ba mai haske sosai ba, na 'yan kwanaki. Ki je da kanki da magariba ki tsaya har su kwanta, in sun taru ki watsa su da hannu. Ki kai musu mazuban abinci da na ruwa da suka saba da su, ki ɗebo ɗan busasshen ɓuntu daga tsohon wurin ki barbaɗa. Tukunyar gawayi ta bi su ta yi musu mako guda, daga nan a riƙa rage ta, a fara da hana ta farkon dare a bar ta asuba.

Kuma kada ki canza abinci a makon. In lokacin barin sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, ya zo, a garwaya: kashi uku tsoho ɗaya sabo, sai rabi da rabi, har a juye gaba ɗaya cikin mako guda.

Isufu Maraɗi: Su masu Noiler ɗin ma ai haka tsarinsu yake. Kamfanin da ya fito da su a Awe ta Jihar Oyo yana ba masu raino ne su riƙe su kimanin mako biyar, a yi musu ɗumi da rigakafi, sannan a sayar wa matan karkara su sake su a gida. Kaza ce mai jure kiwon sake, amma ba tun tana jaririya ba.

Ummu Hani: Ni nawa bayan na fitar da su da kwana kaɗan sai na ga kashi da jini, suna rakuɓewa. Na ba su kafso ja da rawaya a ruwa, bai yi ba.

Likitan Kaji: Anti, wannan alamar zawon jini ce, wata ƙwayar cuta ce da ke cin hanji, tana yaɗuwa a shimfiɗa mai laima, kuma 'yan mako uku zuwa shida ta fi kamawa. Kafson mutane ba maganinta ba ne. Akwai nata, irin su Amprolium, a bi awon da ke jikin takardar, a kwashe jiƙaƙƙen wuri a zuba busasshe. Ina roƙonmu mu rage zuba wa kaji kafso haka kawai. Ba ya taɓa fakat, ba ya taɓa Gumboro, sai dai ya sa ƙwayoyin cuta su saba da magani, ragowarsa kuma ta zauna a nama da ƙwan da 'ya'yanmu za su ci.

Tunda za su zauna waje, a tuna da rigakafin ƙuraje a mako shida zuwa takwas, wanda ake tsirawa a fatar fukafuki. Sauro ne ke yaɗa cutar. A ajiye musu kuma tsohon baho da yashi da toka su yi birgima, yana rage ƙwarƙwata.

Maman Ilham: Na rubuta duka. An kwashe shimfiɗa, an buɗe tagar sama, warin ya ragu sosai. Zakaran yana ɗaure a zaure. Gobe in sha Allahu zan aika a sayo Lasota. Yaya ake ba su don kada in ɓata?

Likitan Kaji: Wanda za ki aika ya tafi da kula mai ƙanƙara a ciki. In mai shago ya ɗauko kwalbar daga kan kanta ba daga firji ba, a bar masa abinsa. Da sassafe za ki ba su. Ki janye ruwa awa ɗaya zuwa biyu don su ji ƙishi. Ruwan rijiya ko na burtsatse za ki yi amfani da shi, ban da na famfo mai sinadarin kulorin, yana kashe rigakafin. Mazubin roba, a wanke shi da ruwa zalla babu sabulu. Ki zuba ɗan garin madara a ruwan, ki buɗe kwalbar a cikinsa, ki dama. Ruwan ya zama daidai wanda za su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu, a inuwa, mazubai da yawa don raunana su samu. Abin da ya rage ba a ajiyewa, a haƙa rami a zuba. Bayan nan ki sa musu bitamin a ruwa.

Baba Manomi: Likita, mu fa na ƙauye da babu firji babu ƙanƙara? Mun dogara da ɓawon maɗaci da barkono a ruwa, amma in fakat ta shigo gari ba sa tare ta. Bara kafin a gama girbi da sussuka ta share mana unguwa.

Likitan Kaji: Ranka ya daɗe, akwai wanda aka yi domin ku. Sunansa I-2, asalinsa daga Ostareliya, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana yin sa. Ya fi Lasota jure zafi, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana; a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a tafi da shi cikin inuwa. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Wanda ya fi muhimmanci shi ne na kafin hunturu, wajen Oktoba. Yanzu ma bai ɓaci ba in cutar ba ta shigo ba, amma kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata.

Hajiya Mai Ƙwai: Matsalar kwalbar ce, galibi ta kaji masu yawa ce, kuma in an haɗa ba ta kwana. Mai kaji takwas yana ganin asara ce.

Likitan Kaji: Shi ya sa ake haɗa kai. Baba, ka sa yara su zaga gida-gida su ƙirgo kaji da zabbi, kowa ya kulle nasa tun daren ranar, kada a sake su da safe. A tambayi ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ko shagon magungunan dabbobi mai firji, a karɓo gwargwadon adadin, a raba kuɗin a kan kowane kai. Mutum biyu sun isa, ɗaya ya riƙe ɗaya ya ɗiga, a fara bayan sallar asuba a gama kafin rana ta yi zafi. Maman Ilham, ke ma kajinki shida na tsakar gida su shiga cikin lissafin, da na maƙwabtan da kuke haɗa katanga.

Baba Manomi: Madalla. Ran Juma'a bayan an sauko zan yi wa mai unguwa maganar, sai a sa ranar.